Abin da ke iya kai saƙon Maraɗi Faris kafin ya isa Damagaram

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, kwanaki kaɗan da kama azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodibuwa. Su ne WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Kafin azahar rezo ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe fiye da goma, daga Laberiya da Gana har Benin da Najeriya. Nijar, wadda ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku, ta shiga jerin. An ɗauki makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su kammala aikinsu.

A ranar, duk wanda ke fada yana jan waya ya san dalili ɗaya: an ce waya ta tsinke a teku. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wannan: in saƙo daga Maraɗi zai je Damagaram, ko daga wata unguwar Yamai zuwa wata, me ya haɗa shi da teku? Amsar tana cikin wani ɗaki mai sanyin na'ura da yawancin masu amfani da intanet ba su taɓa jin labarinsa ba, inda kamfanonin sadarwa ke kawo wayoyinsu su haɗa, su kuma sasanta hanyar da bayanai za su bi. Masana na kiransa IXP a taƙaice. Da Hausa, mahaɗar intanet.

Kowa da gidansa, kowa da shelarsa

Intanet tarin gidaje ne masu zaman kansu, fiye da 70,000 a duniya, kowanne da mai shi. Airtel gida ne, Moov Africa gida ne, haka Zamani Telecom da Niger Telecom. Google, Facebook da manyan bankuna da jami'o'i ma kowa na da nasa. Kowane gida yana da lambar shaida, yana kuma da rukunin adireshin da aka damƙa masa. A Afirka, cibiyar AFRINIC da ke tsibirin Moris ce ke raba lambobin da adireshin.

Babu wani sarki da ke zaune yana tsara wa gidajen nan hanya. Abin da ake yi shi ne shela. Na'urar raba hanya ta kowane gida tana faɗa wa maƙwabtanta: ga adireshin da ke hannuna, duk mai nemansu ya biyo ta nan. Maƙwabcin ya ƙara lambarsa a kan shelar ya miƙa ta gaba, na gaba ma ya yi haka, har labari ya zagaye duniya cikin mintoci. Harshen da na'urorin ke wannan shela da shi sunansa BGP. Injiniyoyi biyu ne suka zana shi a 1989, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na IBM, kuma a kan takardun goge baki na wurin cin abinci suka fara rubuta shi, a gefen wani taro a Amurka. Sun ɗauka na wucin gadi ne. Yau shi ke ɗauke da jadawalin hanyoyin duniya, mai layi kusan miliyan ɗaya.

A lokacin da aka zana shi, masu tafiyar da intanet ƴan kaɗan ne kuma sun san juna, don haka ba a saka masa hanyar tantance gaskiya ba. Duk abin da maƙwabci ya faɗa, sai a karɓa. Wannan yarda ita ce ƙarfin tsarin, ita ce kuma ke jawo masa masifa lokaci zuwa lokaci.

Kuɗin fito da ban gishiri in ba ka manda

Dangantaka tsakanin gidaje iri biyu ce. Ta farko haya ce: ƙaramin kamfani yana biyan babba kuɗin fito, babban ya kai masa kayansa ko'ina a duniya, ya kuma kawo masa na duniya. Ga ƙasar da ba ta da teku, kuɗin nan ninki ne, domin sai an biya hayar waya ta cikin ƙasar maƙwabta kafin a kai bakin ruwa, sannan a biya ta ƙarƙashin teku zuwa Turai. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya taɓa sauke kaya a tashar jiragen ruwan Kwatano ko Lome ya san wannan lissafi sarai.

Ta biyu musaya ce kai tsaye, ban gishiri in ba ka manda. Kamfanoni biyu su yarda cewa duk abin da mutanen wannan ke aika wa mutanen wancan, za su miƙa wa juna hannu da hannu, galibi ba tare da biyan ko dala ba. Sharaɗin shi ne kowa kayan gidansa da na abokan cinikinsa kawai zai kawo. Ba a yarda wani ya mayar da abokin musaya motar haya zuwa wani wuri ba.

In babu irin wannan musaya tsakanin kamfanoni biyu na ƙasa ɗaya, to saƙon zai hau hanyar haya. Zai bi wayar mai fito har inda mai fiton wannan ya haɗu da mai fiton wancan, kuma shekara da shekaru wurin haɗuwar kamfanonin Afirka yana Landan, Faris, Marsai, Amsterdam ko Frankfurt. Saƙon ya je can, ya juyo, ya sauka a wayar da ke nesa da ta farko da ƴan kilomitoci. Kamfanonin biyu duka sun biya kuɗin waje a kan kayan da bai kamata ya bar gida ba.

Akwai kuma lokaci. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ke nan kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, kuma babu injiniyan da zai iya rage wannan. Milisakan ɗari biyu ko ɗari uku ba komai ba ne ga mai karanta rubutu. Ga mai kiran bidiyo da mahaifiyarsa daga Aljeriya ko Beljiyam, ga mai buga wasa a intanet, ga ma'aikacin wurin aika kuɗi da mutane ke tsaye a layi gabansa, bambancin a bayyane yake. Buɗe shafi ɗaya na iya buƙatar zuwa da dawowa sau da dama, kowanne da nasa jinkirin.

Abin da ke cikin ɗakin

Wanda ya shiga mahaɗa yana tsammanin ganin abin mamaki zai ji kunya. Akwatin ƙarfe ne mai ramuka da yawa, irin wanda masu sana'ar ke kira suwic, da wasu kwamfutoci, da na'urar sanyaya ɗaki, da batura da janareto. Kowane kamfani ya jawo wayarsa ta gilashi ya soka a rami ɗaya. Kayan ƙaramar mahaɗa ba su kai kuɗin gina bene ɗaya a Yamai ba. Wahalar tana wurin mutane.

Soka waya kaɗai ba ya sa bayanai su fara gudu. Sai kowane kamfanoni biyu sun buɗe zancen BGP a tsakaninsu, sun shirya abin da za su faɗa wa juna da abin da za su karɓa. In kamfanoni 10 ne, zance 45 ke nan. In sun kai 100, zance 4,950. Babu mai iya riƙe wannan da hannu. Shi ya sa mahaɗu ke ajiye wata kwamfuta da ke aikin dillali. Kowa ya faɗa mata adireshinsa sau ɗaya, ita kuma ta rarraba wa sauran. Kayan kansu ba sa bi ta hannunta, shela kawai take ɗauka, kamar ɗan kamasho a tasha da ke nuna wa fasinja mota amma ba shi ke tuƙi ba. Mahaɗu da yawa na amfani da manhajar BIRD, wadda aka rubuta a ƙasar Cek kuma kyauta ake samun ta. Galibi dillalan biyu ake ajiyewa, in ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe.

Dillalin yana karɓar umarni. Kamfani na iya liƙa wa shelarsa wata alama mai nufin a ba kowa banda wane, ko a ba wane da wane kawai. A nan siyasar kasuwa ke shigowa. Wasu gidaje ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya zo, musamman masu kayan kallo da ke son kusantar jama'a. Wasu sai sun duba girman mai nema. Wasu kuma, yawanci tsofaffin kamfanonin da suka gaji wayoyin gwamnati, ba sa son musaya ko kaɗan, saboda a ganinsu duk ƙaramin kamfanin da suka yi musaya da shi kyauta, abokin ciniki ne da ya kamata ya biya su kuɗin fito.

Kenya ta ga wannan rigima ƙuru-ƙuru. A watan Nuwamba na 2000 ƙungiyar kamfanonin intanet na ƙasar ta buɗe mahaɗar KIXP a Nairobi. Kamfanin Telkom Kenya, wanda a lokacin shi kaɗai ke da izinin fitar da bayanai waje, ya kai ƙara wurin hukumar sadarwa, aka rufe mahaɗar cikin makonni biyu. Sai a watan Fabrairu na 2002 ta koma aiki, bayan fiye da shekara ana ja-in-ja a kan lasisi. Na'urar tana nan lafiya lau duk tsawon lokacin. Saboda irin wannan ne mahaɗun da suka yi ƙarko ke zama ƙungiyar da ba ta neman riba, a ɗakin da ba na ɗaya daga cikin masu gasa ba. Kishiya ba ta ajiye tukunyarta a ɗakin kishiya.

Daren da Legas ta janye Google

Babbar mahaɗa mafi kusa da ƙasar Hausa ita ce IXPN ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 2006, kuma Muhammed Rudman ke shugabantar ta. Tana da rassa a wasu birane, ciki har da Abuja, Fatakwal da Kano. A nan ne wani kuskure ya faru da har yau ake koyar da shi a azuzuwan injiniyoyi.

Kamfanin MainOne, mai wayar ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, yana musaya da Google a IXPN. Google na faɗa masa adireshinsa don mutanen MainOne su riƙa samun Google a kusa. Labarin ya kamata ya tsaya a cikin gidan MainOne. Ranar Litinin 12 ga Nuwamba na 2018, da misalin ƙarfe 10 na dare agogon Nijar da Najeriya, ana cikin aikin sabunta na'urori, sai shelar ta tsallake katanga. Rukunonin adireshin Google fiye da 200 suka fita zuwa China Telecom, wanda ya karɓa bai tace ba, ya miƙa wa TransTelecom na Rasha, daga nan wasu manyan kamfanoni suka ɗauka. Ma'anar shelar ita ce: mai neman Google ya biyo ta Rasha, ta Sin, ta Legas. Bayanan mutane a Amurka da wasu wurare suka kama wannan doguwar hanya, akasarinsu suka maƙale a Sin. An yi minti 74 a haka.

Ganin sunan Sin da Rasha a kan hanyar ya sa wasu suka fara zancen leƙen asiri tun kafin gari ya waye. Washegari MainOne ya fito ya ce kuskuren saiti ne daga wurinsa, Google ma ya ce bai ga alamar mugun nufi ba. Dokar da aka karya ita ce waccan ta musaya: abin da abokin musaya ya faɗa maka, ba ka kai shi wurin mai fito. Sai dai laifin bai tsaya a Legas ba. Babban kamfanin da ya karɓi shelar cewa wani kamfanin Najeriya ne hanyar zuwa Google, bai kuma tsaya ya duba ba, shi ma da nasa kason.

Shekaru goma kafin nan an ga wani iri. A watan Fabrairu na 2008 gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasar. Pakistan Telecom ya yi shelar ƙarya cewa wani yanki na adireshin YouTube a hannunsa yake, da nufin masu nema daga cikin gida su faɗa rami. Shelar ta fita ta hannun mai fitonsa, PCCW na Hong Kong. A ƙa'idar na'urorin raba hanya, wanda ya faɗi adireshi dalla-dalla shi ake bi: mai cewa "gida kaza a unguwa kaza" ya fi mai cewa "garin kaza". Shelar Pakistan ta fi ta YouTube ƙanƙanta, don haka duniya ta bi ta. YouTube ya ɓace kusan awa biyu a yawancin ƙasashe.

Rariya uku

Daga irin waɗannan darussa ne mahaɗu suka koyi tace shela kafin su rarraba ta, kuma a yau aikin dillalin ya fi karkata ga tacewa.

Rariya ta farko ita ce rajista. Kowane gida yana rubuta a kundin bainar jama'a adireshin da zai yi shela da kuma abokan cinikin da zai yi magana a madadinsu. Dillali ya ɗauko kundin ya gina jerin abin da zai karɓa. Matsalarsa ita ce tsufa: kamfani ya sami sabbin adireshi ya manta bai sabunta rajista ba, sai dillali ya ƙi shelarsa, bayanansa su koma doguwar hanya ba tare da kowa ya lura ba, har sai lissafin kuɗin fito ya zo a ƙarshen wata.

Ta biyu ita ce RPKI, wato takardar shaida mai sa hannun lantarki. Mai adireshi yana shiga wurin cibiyar da ta ba shi, AFRINIC ga ƴan Afirka, ya rattaba cewa gida mai lamba kaza ne kaɗai ke da izinin fara shelar wannan rukuni. Duk shelar da ta saɓa, a jefar. Da ana amfani da wannan a 2008, da shelar Pakistan ba ta yi nisa ba. Amma ba zai kama irin kuskuren MainOne ba, domin a can tushen shelar Google ne da gaske, hanyar ce ta karkace. Maganin wannan sai kowane mai fito ya san abin da ya dace ya fito daga bakin abokin cinikinsa.

Ta uku ita ce mafi sauƙi: iyaka. In kamfani ya saba shelar rukuni 50, sai a sa masa iyakar 100. Ranar da ya zo da dubbai, na'ura ta katse zancen da kanta kafin ɓarna ta yaɗu.

A 2014 wasu kamfanoni, da goyon bayan ƙungiyar Internet Society, suka tattara irin waɗannan ɗabi'u cikin wani alkawari mai suna MANRS, aka kuma buɗe wa mahaɗu nasu reshen a 2018. Shiga na ganin dama ne, babu tara ga wanda ya ƙi. Abin lura a cikinsa shi ne ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba na fasaha ba ne ko kaɗan: kamfani ya ajiye lambar waya da adireshin imel na gaskiya a inda sauran za su gani, kuma a samu mai ɗauka. Kuskuren hanya a mafi yawan lokuta da kiran waya ake kashe shi, wani injiniya ya tashi wani daga barci ya ce masa ya duba abin da na'urarsa ke faɗa.

Akwai wani abin damuwa da ya shafi nahiyar baki ɗaya. AFRINIC, wadda rariya ta farko da ta biyu ke dogaro da kundinta, ta shafe shekaru cikin shari'a da kamfanin Cloud Innovation tun 2021, har ta zauna babu hukumar gudanarwa, kotun Moris ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Kundin bai daina aiki ba, amma rikicin ya nuna yadda amincin hanyoyin ƙasashe fiye da hamsin ke rataye a wuyan ofishi ɗaya.

Yarjejeniyar musafaha

Wani abin da zai ba lauyoyi mamaki: kusan duk yarjejeniyoyin musaya a duniya babu takarda. Ƙungiyar Packet Clearing House ta yi bincike a 2011 ta gano cewa fiye da kashi 99 cikin 100 da baki aka ƙulla su, kuma binciken da ta sake daga baya bai nuna raguwa ba. Injiniyoyi biyu su haɗu, su duba yawan bayanan da ke tsakaninsu, su yi musafaha, kowa ya koma ya saita na'urarsa. Shi ya sa taruka ke da nauyi a wannan sana'a. A Afirka babban taron shi ne AfPIF, wanda aka fara a Nairobi a 2010, ya kuma zagaya birane irin su Abijan, Kigali, Akra da Kinshasa. Rabin amfaninsa a wajen zauren yake, inda ake zaman minti goma sha biyar tsakanin kamfani da kamfani. Kamfanin da bai tura kowa ba, ba a san fuskarsa ba, kuma imel ɗin wanda ba a sani ba yakan daɗe bai sami amsa ba.

Me aka samu a inda aka yi?

Internet Society ta sa an auna Kenya da Najeriya sau biyu. Rahoton 2012 ya nuna jinkiri a Najeriya ya sauko daga milisakan 200 zuwa 400, ya koma 2 zuwa 10 ga bayanan da ke bi ta mahaɗa. A lokacin IXPN na ɗaukar megabit 300 a daƙiƙa, kamfanoni kuma na tsimin kusan dalar Amurka miliyan ɗaya a shekara. Rahoton 2020 ya tarar ta kai gigabit 125, tsimin ya kai dalar Amurka miliyan 40 a shekara, wato fiye da miliyar 20 na sefa. A ƙasashen biyu, kason bayanan da ake samu a cikin gida ya tashi daga kusan kashi 30 zuwa kusan kashi 70 cikin 100. A 2025 IXPN ta sanar da cewa ta haye terabit ɗaya a daƙiƙa.

Yawancin wannan ƙaruwa ba daga saƙonnin da ƴan ƙasa ke aika wa juna ta fito ba. Daga rumbuna ta fito. Google, Meta, Netflix, Akamai da Cloudflare suna ajiye kwamfutocin ajiya a kusa da masu kallo. Bidiyon da ya yi farin jini sau ɗaya zai ƙetaro teku, sauran dubban masu kallo daga rumbun gida za su ɗiba. Kamfanonin nan suna son wurin da waya ɗaya za ta haɗa su da kowa, shi ya sa mahaɗa mai rai ke jawo su, su kuma su jawo ƙarin mambobi.

A nan ya kamata a rage wa mai karatu buri. Mahaɗa ba za ta sa saƙon WhatsApp ya tsaya a cikin ƙasa ba, domin tsarin manhajar shi ne saƙo ya bi ta kwamfutocin Meta duk inda suke. Shafin ma'aikata ko na jarida da aka ajiye a wani kamfanin Faransa yana Faransa, ko da sunansa ya ƙare da .ne, kuma ɗalibin da ke neman sakamakon jarrabawa a irin wannan shafi sai ya ƙetare teku. Tsimin da kamfani ya yi kuma ba ya sauka a farashin forfe da kansa. Gasa ce ke sauko da shi, ko matsin hukuma irin ARCEP. Mahaɗa tana rage tsadar kaya ne a wurin sari.

Inda Nijar ta tsaya

Ƙasar da ke sayen hanyarta zuwa teku daga maƙwabta ta fi kowa buƙatar kada kayan cikin gida su fita. Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda dogaro da ƙofa ɗaya yake: bayan 26 ga Yuli na 2023 an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar na tsawon watanni, dangantaka da Benin ta yi tsami. Wayar gilashi tana bin ƙasa ɗaya da motocin kaya, kuma na'urorinta kuran suke ci.

Aikin wayar gilashi ta ƙetaren Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar. Akwai reshen Arlit zuwa Assamaka a iyakar Aljeriya, na Diffa da N'Guigmi zuwa iyakar Cadi, na Damagaram da Magarya zuwa iyakar Najeriya, da waɗanda suka nufi Benin da Burkina Faso, haɗe da cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Ƙofofi da yawa ke nan. Amma yawan ƙofa ba ya amfani sai injiniyoyi sun saita BGP yadda in ɗaya ta rufe kaya za su koma ɗaya, kuma sai an sayi isasshen wuri a ta biyun tun kafin ranar wahala. A Maris na 2024, kamfanonin yankin da suka farfaɗo da wuri su ne masu wuri a wayoyin da ba su lalace ba, irin Equiano ta Google da ta sauka a Lome da Legas a 2022.

Ga Maraɗi da Damagaram akwai wani lissafi na daban. Kano ba ta kai kilomita 300 daga kowannensu ba, alhali Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi, ta kusa 900 daga Damagaram. Reshen IXPN na Kano ya fi kusa da su a kan babban birnin ƙasarsu. Jama'ar ɓangarorin biyu harshe ɗaya suke yi, fina-finai da waƙoƙi da wa'azi ɗaya suke kallo, kuɗi da kaya na kai da komo kullum. Rumbun da ya cika da abin da Kanawa ke kallo, rabin aikin Maraɗawa ya yi. Ko kamfanoni za su bi wannan hanya, magana ce ta farashin hayar waya a kan iyaka da izinin hukumomin ƙasashen biyu.

Shigowar Starlink, wanda ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, ta ƙara wani salo. Bayanan mai kwanon Starlink suna hawa tauraron ɗan Adam su sauka a inda kamfanin ke da tashar haɗuwa da sauran intanet, kuma Legas ce ta farko da ya buɗe a yankin. Ofishi biyu a titi ɗaya, ɗaya da Starlink ɗaya da wayar gilashi, suna iya zama maƙwabta a ido, a intanet kuma sai sun fita ƙasar kafin su gaisa.

Akwai kuma tambayar da matasa ke da hakkin yi: wa ke riƙe da makullin ɗakin? Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na wayar salula a Nijar kusan kwana goma daga 24 ga Fabrairu na 2021. Ba a buƙaci mahaɗa ba don yin hakan, umarni ga kamfanoni ya isa. Duk da haka, wurin da bayanan ƙasa ke taruwa wuri ne da ke jan idon mai son sa ido ko toshewa. Shi ya sa tsarin mulkin mahaɗa, wa ke zaɓen shugabanninta, wa ke da izinin shiga ɗakin, ko dokar ƙasa ta tilasta wa kowa bi ta nan ko ganin dama ne, ya fi nau'in na'urar da aka saya muhimmanci.

Mai son ganin hanyar da bayanansa ke bi yana iya gwadawa da kansa. A kwamfuta mai Windows, a buɗe tagar umarni a rubuta tracert, a bi shi da sunan shafi. A wayar Android akwai ƙananan manhajoji na kyauta masu wannan aiki. Layuka za su fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne na'ura ce da saƙon ya ratsa, da milisakan ɗin da ya ci. Sau da yawa sunayen na'urorin na ɗauke da guntun sunan gari: par ko cdg na Faris, mrs na Marsai, lon na Landan, fra na Frankfurt, los na Legas. In aka gwada shafin wata ma'aikata ko jaridar gida daga layin wani kamfani, aka ga lambar ta yi tsalle daga 30 zuwa sama da 100 tsakanin layi biyu, to a nan ne saƙon ya shiga teku. Shafin PeeringDB kuma, wanda kowa ke iya buɗewa, yana nuna mahaɗun da kamfani ya rubuta cewa yana ciki da irin ƙofar da ya ce yana buɗe wa masu neman musaya.